Wa Ya Tafi Da Ciyaman?

Ranar Talata da safe na shiga gonar jami'a ina fito, bokitin dusa a hannuna. Ƙofar garke na saye da sakata kamar kullum, awaki na kuka kamar kullum, amma babu Ciyaman.

Ku kwantar da hankalinku, ba mutum ba ne. Bunsuru ne. Sai dai da mutum ne ya ɓata da abin ya zo min da sauƙi, don mutum ba ya cikin kayan jami'a.

Ni ɗalibin sashen kiwon dabbobi ne. Rediyo ake ce min, wai har yau ba a gano inda ake kashe ni ba. Aikin gwajina na bana, awaki aka damƙa min in ciyar da su wani haɗin abinci da na ƙirƙiro, in riƙa ɗora su a sikeli. Sauran suna ƙaruwa a hankali kamar ana roƙonsu. Shi kuwa Ciyaman sai buɗewa yake, wuya ya cika, tafiya ta koma ta masu kujera. Shi ne hujjata. Duk wanda ya yi min gardama sai in ja shi garke in ce ya kalla da idonsa.

To kuma bana ni sashenmu ya zaɓa in je in yi zango guda a wata jami'a a ƙasar waje, inda aka ce sanyi na sa mutum ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa saɓa wa. Gurbi ɗaya ne tak. Umma ta riga ta sanar da layinmu kaf, ta sayo min wata rigar sanyi a gwanjo wadda in na saka sai ƙanwata ta leƙo ta ce ina yayana ya shiga. Ranar Juma'a za a yi awon ƙarshe, a yanka awakin a auna nama, kuma a ranar ofis zai tura sunana can.

Kafin in ajiye bokiti manajan gona ya iso yana haki.

"Ina bunsurun jami'a?"

"Ranka ya daɗe, tambayar da zan zo in yi maka ke nan."

"A hannun wa yake?"

"Jiya dai a hannuna. Yau kuma sai a tambayi wanda ya ɗauka."

Ko murmushi bai yi ba. Ya juya ya tafi shigar da ƙara, da sunana a kai. 'Yan ajinmu suka yi cirko-cirko a bakin shinge. Wani ya ce na sayar ne in sayi akwati. Wani ya ce a'a, a duba mahaucin bakin ƙofa. Wata ta rage murya ta ce, wa zai ci riba in ba Kalkuleta ba? Kalkuleta ita ce ta zo ta biyu a zaɓen. In na faɗi, ita za ta hau jirgi. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma can zuciyata ta fara zuwa.

*

Ofishin karatun waje ɗan ɗaki ne a saman bene, fanka ɗaya mai ƙara, bango cike da hotunan jami'o'in da ƙanƙara ta lulluɓe. Mai ofishin muna ce masa Malam Ƙa'ida. Dogo ne siriri, takalminsa sau-ciki kana ganin fuskarka a jiki, ga wata baƙar lema da ba ya rabuwa da ita, ko rana ko ruwa. A ranar lemar tana rataye a bayan kujerarsa, an ɗaure ta da roba. Mutumin da ko biro ba ya bari a karkace! Amma ina na ga ta lema a lokacin.

Bai ɗago ba ya ce, "Sashe na tara na dokokinmu. Ɗalibin da ke da ƙara a buɗe gaban kwamitin ladabtarwa, ba a tura sunansa. Gurbin ya koma ga na biye da shi."

"Malam, ai ba a same ni da laifi ba."

"Sashen bai ce wanda aka samu da laifi ba. Cewa ya yi a buɗe."

"To a rufe mana. Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Wata mai zuwa."

"Wata mai zuwa ai ina nan ina yi wa Umma bayanin rigar sanyi."

Ya cire gilashi ya murza ido. Idon ja, kamar wanda ya kwana karatu. Ya ce, "Sai dai in dabbar ta dawo kafin Juma'a, manaja ya janye ƙararsa." Har na kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Wai dole ne sai an yanka su duka?"

"Malam, ko wancan makon ka tambaye ni. Ba a auna nama a jikin mai rai."

*

Mutum ɗaya ce ta faɗo min: Dakta Sawu, malamar namun daji. Kafin ta zo koyarwa ta yi shekaru a gandun daji tana bin sawun giwaye da na masu harbinsu. Kullum kanta a ƙasa take tafiya, har sababbin ɗalibai kan taya ta neman abin da ta yar. Na same ta a ofis ta tasa tulin takardun jarrabawa tana kallonsu kamar abokan gaba.

"Dakta, giwa ta ɓata."

"Giwa?"

"Ƙarama. Mai gemu."

Ta saurare ni har na gama, wanda ba ƙaramin haƙuri ba ne. Ta dubi takardun, ta dube ni, ta jawo hularta.

"Sharaɗi ɗaya. Kana bayana, kuma ba ka taka inda ban taka ba. Bakin kuma..."

"A kulle, Dakta."

"Ban nemi abin da ba zai yiwu ba. Ka dai rage ƙara."

Jiya Litinin an yi ruwa har la'asar, ƙasar gona ta yi laushi. Gaban garke kam 'yan kallo sun tattake shi, sai Dakta ta zagaya gefe, inda wata 'yar hanya ta bi ta bayan rumbun abinci. Ta tsuguna.

"Ga mutuminka. Kofato mai faɗi, ya nutse sosai. Me kake ba shi haka?"

"Sirrin sana'a ne, Dakta."

"Ɗigon ruwa bai faɗa cikin sawun ba, don haka bayan an ɗauke ruwa ya fita. Yanzu gaya min, in ka sa wa bunsuru igiya ka ja, me yake yi?"

"Ya kafe ƙafa ya tara maka jama'a."

"To nuna min inda ya kafe."

Na duba. Babu. Sawun ya tafi sumul, taku bayan taku, kamar mai zuwa ɗaurin aure. A gabansa ga sawun takalmi mai santsin ƙasa, wani wurin ma kofaton ya hau kan sawun takalmin.

"Ba a ja shi ba," in ji Dakta. "Bi ya yi. Wanda ya tafi da shi, bunsurun nan ya san shi, yana kuma son sa. Wa ke ba shi abinci?"

"Ni kaɗai."

Ta ɗago ta dube ni.

"Dakta, na kawo ki ki cece ni ne fa, ba ki ƙarasa ni ba! Dubi ƙafata. Silifa. Tun da aka haife ni ban taɓa mallakar takalmi mai santsi ba."

Ta yi 'yar dariya, ta nuna min wani abu a dama da sawun: ƙananan ramuka, jere, kamar an soka tsinke.

"Yana dogara wani abu," ta ce.

Muka bi har inda hanyar ta haɗu da kwaltar da malamai ke ajiye motoci. Nan komai ya ƙare. Kwalta ba ta ba da labari.

*

Mai dogara sanda a gona mutum ɗaya ne, Baba Maigadi. Muka same shi a rumfarsa yana jin labarai.

"Baba, ara min sandarka," in ji Dakta.

"Hajiya, in yaron nan za ki buga, bari in samo miki wadda ta fi wannan."

Ta dangwala ta a laka. Rami ya fito kamar gindin kofi. Ta mayar masa.

"Ba ita ba ce. Jiya da yamma wa ya fita da dabba?"

"A ƙafa dai babu. Motocin malamai kuwa, ni wa da zan ce malam buɗe but?"

Mahaucin bakin ƙofa ya fi kowa jin haushi. Ya soka wuƙa a katako ya ce, "Duk abin da ya ɓata a jami'ar nan ni ne! Kwanaki keke ya ɓata aka zo nan. Keke! Yanka shi zan yi?" Dakta ta duba fatun da ke shanye a bayan rumfarsa, babu mai baƙin wuya da farin goshi irin na Ciyaman. Da za mu tafi ya ce, "Amma in kun same shi ku gaya wa mai shi ina so. Na daɗe ina kallon bunsurun nan ta shinge."

Sai Kalkuleta. Tana ƙarƙashin bishiya da littafi, ta gan mu ta rufe shi.

"Na san abin da ya kawo ku. Rediyo, kai ma ka yarda ni ce?"

"Ni ban ce ba. Na dai yi tunani da ƙarfi."

"Dakta, jiya tun da aka ɗauke ruwa har aka rufe laburare ina tare da wannan. Ina koya masa lissafin awonsa, yana ba ni labarin ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Na riga na je na gaya wa manaja, ya ce shaida ba ta dawo da bunsuru." Ta juyo gare ni. "Ina son tafiyar nan fiye da kai, ka sani. Amma ba zan je a ce bunsuru ne ya kai ni ba."

Rediyo ya ɗauke.

"Kuma tun tuni nake ce maka," ta ci gaba, "ƙibar Ciyaman ba ta shiga lissafi. Abinci ɗaya, garke ɗaya, shi kaɗai ya yi ta kumbura? Akwai wani abu."

Dakta ta tsaya cak. "Maimaita."

Ta maimaita. Dakta ta juya ta nufi gona da sauri, ni ina binta ina cewa hassada ce kawai irin ta masu lissafi.

*

Wannan karon ba ƙofa ta duba ba. Bayan garke ta zagaya, inda shinge ya haɗu da wata bishiya mai inuwa, wurin da ba mai zuwa. Akwai wani bulo a ajiye, samansa ya yi sumul don zama. Gabansa dunduniyar takalmi biyu sun yi gurbi a ƙasa, ba na jiya ba, na wata da watanni. Ga ɓawon ayaba, sabo da busasshe. Ga ledar burodi an ninke ta tsaf an danne da dutse. A dama da bulon kuwa ramukan nan ne, cunkus, kamar an yi shuka.

"Wani na cin abincin rana a nan," in ji Dakta, "kuma ba shi kaɗai yake ci ba. Dubi wayar shingen, ta lotsa daidai kan bunsuru."

"Kina nufin haɗina..."

"Haɗinka da burodi da ayaba."

Na zauna a kan bulon. Wata uku ina yi wa mutane bakin sirrin sana'a!

Dakta ta sa hannu ta cikin shinge, ta tono wani abu daga laka. 'Yar igiya ce baƙa ta yadi, da maɓalli a bakinta, ɗaya gefen an tattauna shi. Ta goge ta, ta jefa a aljihu.

"Je ka ce wa manaja ya tara min kowa gobe da rana, a nan. Har mai ofishin da ya riƙe sunanka."

*

Laraba da rana kowa ya hallara a inuwar bishiyar: manaja, Baba Maigadi, mahauci da wuƙarsa a kugu, Kalkuleta, 'yan ajinmu a baya suna miƙa wuya. Malam Ƙa'ida ne ya zo ƙarshe, yana taku ɗaya-ɗaya, yana dogara lemarsa. Bai tambayi inda za a tsaya ba. Kai tsaye ya zo daidai bulon ya tsaya.

Dakta ta ce, "Ba sata irin ta kasuwa aka yi ba. Bunsurun nan da ƙafarsa ya bi abokinsa har mota. Abokin ya daɗe yana zama a nan yana raba abincinsa da shi. Baba, ba kai ba ne, sandarka ta yi kauri. Mahauci, kai da ka je kusa da shi da sai an ji kukansa a bakin titi."

"Allah ya saka miki, Hajiya. A rubuta a manna a ƙofa."

"Yaran nan biyu suna laburare. Saura mai takalmi mai santsi, wanda ke dogara abu mai tsini." Dakta ta kalli ƙasa. Duk muka kalla. A gefen ƙafar Malam Ƙa'ida, tsinin lema ya yi sabon rami, ɗan'uwan sauran sak.

Ta fito da 'yar igiyar. "Malam, ina maɗaurin lemarka?"

Malam Ƙa'ida ya dubi robar da ke jikin lemar, ya dubi igiyar. Sai ya zauna a kan bulon, dunduniyarsa ta faɗa gurbin nan kamar an auna.

"Yana gidana," ya ce. "A bayan kicin. Ya cinye min furanni da rabin labule."

"Malam!" na ce. "Kai? Sashe na nawa ke nan?"

"Bar shi ya yi magana," in ji Dakta.

Ya ce tun da matarsa ta rasu ba ya iya cin abinci shi kaɗai a ofis, ɗakin cin abincin malamai kuma surutu ya yi yawa. Sai ya samo nan. Ranar farko bunsurun ya zuro kai ya ƙwace masa ayaba. Washegari ya zo da biyu.

"Ba ya tambayata komai," ya ce. "Ba ya neman a sassauta masa doka. Ci kawai yake yana kallona. Da yaron nan ya ce min Juma'a za a yanka su, na kasa. Na ɗauka za a rubuta ɗaya ya ɓata a wuce, tunda akwai saura. Ban san manaja zai sa sunan ɗalibi ba. Da ƙarar ta iso teburina na karanta dokokin nan daga farko har ƙarshe ina neman ƙofa. Babu. Ni na rubuta su, ban bar ƙofa ba." Ya dube ni. "Jiya na sa shi a mota zan dawo da shi. Yau ma haka. Sai ya ɗora min kai a kafaɗa. Amma ba zan bari Juma'a ta same ka a haka ba, ko ba a kama ni ba. Ka yafe ni."

Na shirya maganganu masu zafi tun Talata, na jera su kamar kayan shago. Na nemi ko ɗaya na rasa.

"Malam, ni burodin ne ya fi min ciwo. Ka san yadda na cika baki kuwa?"

Mahauci ya fashe da dariya, kowa ya bi. Manaja ne kaɗai ya daure.

"A dawo da dabbar jami'a yau, in janye ƙara. Amma Juma'a wuƙa na nan."

Kalkuleta ta ɗaga hannu kamar a aji. "Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba. Dabbar da ta ci abin da ba na gwaji ba ta fita daga gwaji. Naman Ciyaman ba zai gaya mana komai ba sai labarin ayaba. Cire shi za a yi daga lissafi. Wanda aka cire kuma me za a auna a jikinsa?"

Manaja ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya ne, kuma dama gona na neman bunsurun barbara mai jiki.

Mahauci ya ce, "Kash."

Malam Ƙa'ida ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Zan kai kaina gaban kwamiti. Sashe na sha biyu, ma'aikacin da ya fitar da kayan jami'a ba izini."

"Wata mai zuwa suke zama, Malam," na ce. "Sai ka yi haƙuri, ƙararka na buɗe."

Karo na farko a tarihin jami'ar nan, mutumin ya yi murmushi.

*

Ni da Kalkuleta muka sake lissafin ba Ciyaman. Haɗina dai ba abin mamaki ba ne, amma yana aiki, kaɗan, da gaskiya. Malamin da ya duba ya ce ya fi yarda da wannan sakamakon fiye da na da. Kalkuleta kuma an ce gurbin zango mai zuwa nata ne in makinta bai sauka ba, wanda ko ni ban isa in sa shi ya sauka ba, kuma na gwada da surutu.

Juma'a da rana na hau bene karɓar takardar da zan kai wa jami'ar can, na tarar ofis a kulle. Ban tambayi kowa ba. Na zagaya bayan garke. Ga Malam Ƙa'ida a kan bulo, ga Dakta Sawu a kan wani bulon da aka ƙaro tana ɓare ayaba, ga Ciyaman ya zuro kai ta shinge yana duba wanda zai fara yi wa fashi.

"Na tura sunanka tun safe," in ji Malam. Ya ɗora takardar a gwiwa ya sa hannu, ya miƙo min. Kafin in kama, wani ya riga ni. Da ƙyar muka ƙwato ta, kusurwa ɗaya ta tafi.

Malam ya ce bari ya buga wata. Na ce a'a, wannan nake so.

Haka na kai ta. Matar da ta karɓe ni a can, ina tsaye cikin rigar Umma ana ganin hancina kawai, ta juya takardar ta nuna wurin da aka gutsura, ta tambaye ni me ya same ta.

Na ce mata a jami'armu takarda ba ta fita sai Ciyaman ya duba.